Tsohon Jirgin Su Ba Jirgin Fito Ba Ne



Kun saba ganin farashin gero da dawa da albasa da busasshen kifi cikin wagga takarda, kowane da mudunshi ko buhunshi ko kwandonshi. Akwai haja guda wadda ba mu sa ma layi, ita ce tsohon jirgin ruwa. Dalili kuwa, jirgi ba shi da mudu. Jirage biyu na iya zama tsawo ɗaya, faɗi ɗaya, shekaru ɗaya, wannan shi kai har jikanka, wancan ko damina guda ba shi ƙarasawa. Ga shi kuma ana cinikinsu, musamman in kaka ta yi kuɗi sunka shigo hannu, tun daga ƙasarmu ta Shagari da Boɗinga har Argungu da Yawuri. Mu nan Horo Birni mun ga ya kamata a zauna a yi maganar ciniki wanga, don shi kaɗai ne cinikin da in an cuce ka ba aljihunka kaɗai ke ji ba.

Abin da muke gani shi ne, tsufa ba aibi ba ne ga jirgi. Akwai tsohon da ya fi sabo nesa ba kusa ba. Inda ɓarna take shi ne a sayi jirgin da anka yi don mutum biyu da taru, bayan ya gaji, a maishe shi jirgin ɗaukar jama'a. Amma bari mu fara da jiragen su kansu, don wanda bai san hali ba ba ya iya taya kuɗi.

Na fari shi ne jirgin sassaƙe, wanda anka fafe daga gungumen icce guda. Darajarshi duk tana ga iccen. In maɗaci ne ko kawo, to ka samu dukiya. Icce ne mai nauyi, mai ƙin ruɓa, gara ba ta cika sha'awarshi ba, kuma shina jure ja bisa rairayi shekara da shekaru. In kuwa rimi ne ko gawo ko maje, sassaƙarshi da sauƙi, ɗaukarshi da sauƙi, kuɗinshi da sauƙi, mutuwarshi ma da sauƙi. Shina shan ruwa awa soso, gindinshi shi yi laushi, wata rana ka taka ka ji ƙafarka ta lotsa. Wanda ke shakkar ƙarkon icce mai kyau shi tuna da jirgin Dufuna, can ƙasar Yobe, wanda wani Bafillace ya ci karo da shi a 1987 shina ginar rijiya. Tsawonshi ya ɗara mita 8, masana sun auna sun ce ya kai shekara 8,000, kuma sun ce iccen dangin maɗaci ne. Gaskiya ne laka ce ta ɓoye shi daga iska, ba aiki ya yi ta yi ba duk waɗanga shekaru. Amma dai a lura da iccen da mutanen farko sunka zaɓa.

To ina maɗacin yau? Ku duba dajinmu daga Kajiji har Dandin Mahe, ku nuna muna gungumen da za shi ba da jirgi mai kamu goma sha huɗu. An sare, an yi gawayi, an yi turame, an yi gonaki. Shi ya sa muke cewa tsohon jirgin maɗaci mai lafiya ba a kwatanta shi da sabon sassaƙe na yanzu. Na yanzu daga ɗan icce mai laushi ake fafe shi, ɗan ƙuƙumi, sau da yawa ma a karkace, don masassaƙi dole shi bi yadda iccen ya tsiro. Wanda ke da tsohon na gado, in ba yunwa ta kore shi ba, kada shi saisar. Wanda ya samu ana saisuwa, shi tambayi kanshi mi ya sa.

Ga tuƙi kuwa, jirgin sassaƙe sai mai shi. Cikinshi kewayayye ne, in baƙo ya sa ƙafa sai shi ji shina rawa awa za shi kife. Basarke bai damu da wagga rawa ba, da ita ya tashi. Shina tsaye a goshin jirgi shi watsa birgi, jirgin shi karkata shi komo. Ba shi da gaɓa, ba shi da ƙusa, don haka ba shi ƙara, shina silalewa cikin burugu da bado kifi bai ji ba. Nauyinshi na sa shi riƙe tafiya: ka tura gwangwala sau ɗaya shi yi ta zuwa, iska ba ta cika jan shi gefe ba. Wajen duba mamari ko ɗaga gura a ƙaramin ruwa, har yau ba mu ga abin da ya kai shi ba.

Duk wanda ya taɓa zuwa bukin kamun kifi na Argungu, wanda anka faro tun 1934 lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Kabi, ya ga wannan da idonshi. Ranar babban su a Matan Fada gora da homa ke aiki, amma ranar kabanci, in anka zo tseren jirage, ku duba wane iri ke gaba. Siriri ne, dogo, marar ciki. To abin da ya ba shi gudu shi ne ya hana shi ɗaukar kaya. Ku riƙe wagga magana, za mu komo gare ta.

Aibin tsohon sassaƙe ba shi da wuyar gani in an fidda shi tudu an kife shi. Tsaga takan fara daga goshi ko daga baya, inda jijiyar icce ta ƙare, galibi don an bar shi cikin rana da rani ya bushe. Gindi kan side saboda ja, har shi koma bai fi kaurin yatsa ba. Facin gwangwani ɗaya ko biyu bisa baki ba komi ba ne, kowane tsoho da tabonshi. Amma in ka ga faci bisa faci a gindi, an bi da kwalta an lulluɓe, to ba jirgi kake saye ba, gwangwani kake saye.

Na biyu shi ne jirgin katako, irin wanda kafintocin Yawuri sunka shahara da shi. Tun da anka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya yi faɗi, manyan itatuwa kuma sunka yi wuya, shi ne ya mamaye gulabe. Gindinshi shimfiɗaɗɗe ne, cikinshi da faɗi, mace da goyo na iya shiga ba ta ji tsoro ba. Shina ɗaukar kaya fiye da sassaƙe mai tsawonshi, kuma shina karɓar inji. Duk wannan gaskiya ne, ba mu hana mashi.

Sai dai a nan ne anka fi cutar mai saye, don jirgin katako ba abu guda ba ne, alluna ne da ƙusoshi da tsumma da kwalta sunka yi alkawarin zama tare. Ranar da ɗaya ya saɓa, sauran ba su iya riƙe ruwa. In da jan katako anka yi shi, loko ko maɗacin kudu, kuma kafinta bai yi rowar ƙusa da haƙarƙari ba, shina daɗewa, kuma shina gyaruwa: a cire allon da ya mutu a sa sabo, abin da ba a iya yi ma sassaƙe. In kuwa farin katako ne, irin wanda ake yin akwati da silin da shi, damina kaɗan ce tashi. Da an shafa fenti kuwa, fari da ja duk ɗaya ne ga ido. Ƙusa na tsatsa daga ciki, kanta na nan lafiya lau a waje alhali jikinta ya zama gari, katakon da ke kewaye da ita ya yi baƙi ya yi laushi. Mun fi tsoron tsohon jirgin da ya sha sabon fenti da sabuwar kwalta bisa wanda ya zo da dattinshi. Mutum ba ya kashe kuɗin fenti ga abin da za shi saisar gobe sai da dalili.

Halinshi cikin ruwa ma ya kamata a sani. Sassaƙe na yi maka gargaɗi tun kana bakin gaɓa, shina rawa, kana hankali. Na katako shina zaune daram awa ɗaki, har ka saki jiki, ka ƙara buhu, ka ƙara mutum. Ba shi nuna gajiya sai ya kai iyaka, in ya kai kuwa lokaci guda ne. In babu kaya iska na wasa da shi, tuƙinshi da filafili akwai wahala in bazara ta taso da guguwa, kuma shina dukan ruwa da gindi maimakon shi tsaga. Sannan inji. Yamaha mai doki 15 daban, mai doki 40 daban. Allon baya da anka yi don ƙarami, in anka rataya mashi babba, girgiza na kwance ƙusoshin sannu sannu, kuma wurin nan ne ba a dubawa don inji ya rufe shi. Mai sayen tsohon jirgin inji shi ce a sauke injin shi gani.

Na uku, jirgin faiba, ba mu daɗewa kanshi don bai yi yawa a hannun talaka ba, galibi gwamnati ke rabawa. Ba shi ruɓa, gara ba ta cin shi. Amma rana na gasa shi shi yi tsattsage, cikin allon bayanshi sau da yawa katako ne anka lulluɓe, shina ruɓewa ba a gani, in ya fashe kuma kafintan ƙauye ba shi da maganin da ake like shi. Ga masunci shina da ƙara da yawa, ga shi iska na kwasarshi. Ga fito, in lafiyayye ne kuma da inji mai kyau, ya fi sauran.

Kada a ce wagga gardama tamu ce mu kaɗai. Can Amurka, inda masu kuɗi ke fita teku kamun kifi don nishaɗi, har yau suna musu kan tsofaffin jiragensu. Akwai Bertram mai ƙafa 31 wanda anka fara ƙerawa a 1961, gindinshi mai tsini ne, shina tsaga igiyar ruwa da gudu amma shina jiƙa mutanen ciki. Akwai na kamfanin Hatteras, wanda ya fito da na faiba mai ƙafa 41 a 1960, sun fi faɗi da wurin zama. Kowane da masoyanshi, kuma tsohon da anka riƙe da kyau shina da kasuwa har yau. Abin da ya kama mu daga gare su guda ne. Mai hankalinsu ba ya biyan kuɗi sai ya ɗauko gwani na dabam, wanda ba na mai saisuwa ba, ya biya shi ladarshi. A fidda jirgi daga ruwa, gwanin shi bi shi da 'yar guduma shina ƙwanƙwasa shina saurare, sannan a fita da shi a gwada. Mu da ke buɗe bakin akuya mu ƙirga haƙora kafin mu taya, mi ya sa muke sayen jirgi shina cikin ruwa, rabin jikinshi a ɓoye?

Yanzu ga inda maganar take. Masunci ya yi shekaru da jirginshi, ya ga ya fara shan ruwa, kwarfa ta yi yawa, sai shi nemi wani. Tsohon ba a yasshe shi. Wani ke saye da arha, wanda ba Basarke ba, bai gaji ruwa ba, ya dai ga ƙauyensu na da buƙatar ƙetarawa zuwa gona ko kasuwa ko daji, ga kuɗin fito na shigowa kullum. Jirgin da bai taɓa ɗaukar fiye da uba da ɗa da taru ba, ran nan sai ga shi da mutum ashirin. Sau da yawa ma yaro ake bar ma gwangwalar.

Ku zo mu yi lissafi irin namu na kasuwa. Ɗauki jirgi mai tsawon kamu goma sha huɗu, faɗi kamu ɗaya da rabi. Kowane buhu mai kilo 100 da ka ɗora, jirgin na nutsewa kamar faɗin yatsa ɗaya da rabi. Manya goma sun kai nauyin buhu shida, ke nan yatsa tara sun tahi. To nawa ne tsakanin bakin jirgin da ruwa tun farko? Ga ƙaramin sassaƙe, in ya kai taƙi ɗaya da 'yan yatsu an gode. Tsohon da ya sha ruwa ya yi nauyi ma bai kai haka ba. Kuma buhu ya fi mutum daɗin ɗauka, don buhu in ka aje shi nan za ka iske shi. Mutum na miƙewa, shina leƙe, in ruwa ya ɗan fantsamo kowa shi zabura gefe guda. Ruwan da ya taru a ciki shi ma shina bin su can. In anka ɗora icce ko kara bisa, nauyi ya hau sama, sai a ce Allah shi kiyaye.

Ba labarin nesa muke ba ku ba. A watan Afrilu na 2022, mutanen Gidan Magana, nan cikin ƙaramar hukumar Shagari, sun rasa mutum 29 rana ɗaya, galibinsu yara da matasa, cikin jirgi mai ɗauke da mutum 35, za su neman iccen girki. A watan Mayu na 2023 anka sake yi a Dandeji, yara 15, mafi yawansu mata, su ma icce za su nema. Ku lura da watannin. Ba tsakiyar damina ba ce, ba ambaliya ba ce. A watan Agusta na 2025 wani ya kife da mutum sama da 50 a hanyar kasuwar Goronyo. Babban na katako ma bai tsira ba: ranar 26 ga Mayu 2021, kusa da Wara ta ƙasar Ngaski, jirgi ɗauke da mutum sama da 150 ya tarwatse a Kwara, anka yi kwanaki ana tsamo gawa, hukuma kuma ta ce tsoho ne kuma an yi mashi lodi fiye da ƙima. Allah shi jiƙansu, shi ba iyayensu haƙuri. Ajali gaskiya ne. Amma da mai jirgi da mai saisar da jirgi kowa za a tambaye shi abin da ya sani.

Mun san abin da za a ce muna, don an sha faɗa. Za a ce talauci ne, babu gada, icce ya ƙare a wannan ƙetare sai wancan, in an hana tsohon jirgi da mi za a ƙetara? Magana ce mai nauyi, ba mu raina ta. Gada da manyan jirage aikin gwamnati ne, kuma muna nan muna roƙo. Hukumar NIWA mai hedkwata a Lokoja ta hana tafiyar dare, ta wajabta rigar ruwa, an kuma sha raba rigunan bayan kowace musiba. Madalla. Sai dai ma'aikacinta ba ya kwana a kowane mashigi, kuma rigar da ke rataye a zauren mai gari ba ta tsamo kowa. Mu ba cewa munka yi a ƙone tsofaffin jirage ba. Cewa munka yi sawu uku da mutum bakwai bakwai ya fi sawu ɗaya da ashirin da ɗaya, ko da za a kai azahar ana jira, kuma wannan ba sai an jira Abuja ba.

Akwai kuma abin da ke hannunmu mu 'yan kasuwa, tun ranar ciniki. Malamanmu sun karantar da mu cewa wajibi ne mai saisuwa shi bayyana aibin hajarshi, in ya ɓoye kuma mai saye na da ikon maido ta. Muna aiki da wannan ga doki da saniya. Ga jirgi sai mu yi shiru, a ce ai ka gani da idonka, alhali abin da ya gani fenti ne.

Don haka ga abin da muke kira gare shi. Kada dillali shi sa albarka ga cinikin jirgi shina cikin ruwa. A ja shi tudu, a kife, a kankare kwalta inda mai saye ya nuna, a soka tsinin wuƙa a gindi da wajen ƙusoshi, in ta shige ba da ƙarfi ba an san abin da ke nan. A maishe shi ruwa a ɗora buhunan rairayi, a bar shi shi kwana, da safe a auna abin da ya sha. Mai saisuwar da ya ƙi yarda da kwana guda ya riga ya ba ka amsa. A kira Sarkin Ruwa ko wani dattijon Basarke wanda ba shi da rabo cikin kuɗin, a ba shi goronshi, ladar wannan ba ta kai kuɗin likkafani guda ba. Shi ne za shi faɗi gaban shaidu: wanga na su ne, wanga na iya fito, mutum kaza. Kuma a ja layi da farin fenti a jikin jirgin, taƙi guda ƙasa da baki, yadda ko yarinya 'yar shekara goma in ta ga ruwa ya taɓa layin za ta san ba ta shiga, ta jira sawu na biyu.

Ga masu tambayarmu wane za su saya in kuɗinsu na jirgi guda ne, amsarmu ta danganta ga aikin. In su za ka yi a fadama da bakin madatsa, kai da ɗanka, nemi tsohon sassaƙe na maɗaci ko kawo, ko da ya fi sabon farin katako tsada, ka riƙa aje shi cikin ruwa ko inuwa da rani. In fito za ka yi, manta da sassaƙe kowane iri ne. Nemi na jan katako mai faɗi da zurfi, wanda ka san kafintan da ya yi shi da shekarar da anka yi shi, ka ware kuɗin ƙusa da kwalta na kowace shekara tun kafin ka ƙirga riba. In kuɗinka bai kai nan ba, ku haɗa hannu ku uku ko huɗu, ko ka sayi jaki.

Sarakunan ruwa da dillalan da sunka yarda da wanga tsari su aiko muna da saƙo ta hannun masu kai takarda ranar kasuwa. Jirgin da anka kife anka duba gaban shaidu, za mu sa shi layi kusa da gero da dawa, da irin iccenshi, da tsawonshi, da adadin mutanen da anka yanka mashi, da kuɗin da anka sallama.